Ka Yi Juye Kafin Ka Kama Hanyar Goronyo

"Inna, Yaya ya ce in hwaɗa miki gobe da hantsi shina tahiya Goronyo, kuma da motar Baba za shi."

Haka ƙanwarka Nana ta tsaya a kaina ta faɗa ɗazu, alhali kana tsaye a tsakar gida, ina kallon ƙafafunka daga inda nake tankaɗe. Na riga na ji lokacin da kake ba ta saƙon, don rabin unguwa ma ta ji. Na ce mata, "Ki ce mishi Allah shi kiyaye." Ta juya ta ɗaga murya ta faɗa maka, ka ce amin, ka fita. Iyakar ban kwanan da al'ada ta yarje wa uwa da ɗanta na fari ke nan, kuma na yi shi daidai, ba mai cewa na yi rashin kunya.

Na fara takarda ban yi gaisuwa ba, abin da nake jan kunnen 'yan makaranta a kai. To ga ta. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa ka karanta wannan cikin ƙoshin lafiya, Ya kai ka Goronyo lami lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a aikin awon fadamar da aka ba ka. Allah Ya jiƙan babanku, Ya haskaka makwancinsa.

Ka san ban taɓa kiran sunanka ba. A bakina kai ne "ɗan Rabah", don can aka kai ka wurin Goggonka tun daga yaye, kai kuma kana ce mini Malama kamar sauran yaran gari. Wanda zai yi magana da kai sai ya dube ka ido cikin ido ya ɗaga murya, ni kuwa waɗannan biyun su ne aka hana ni. An taɓa kai ni jami'a a Ingila, na yi shekara guda ina koyon yadda ake magana da 'ya'yan mutane. Ba a yi darasin nawa ɗan ba. Takarda dai ba ta bukatar ido ko murya, shi ya sa na ɗauko ta.

Maganar mai zan yi maka, baƙin man inji. Motar nan tun rasuwar babanku take tsaye a rumfa, duk tsawon takabata ba wanda ya taɓa ta sai kaji da ke ƙwai a ƙarƙashinta. Man da ke cikinta ya kwanta, ya sha raɓar damina. Kada ka kama hanya da shi. Ka yi juye tukuna, ko da zai sa ka tashi da azahar maimakon hantsi. Na san za ka ce kana gaggawa. Babanku ma kullum yana gaggawa, ga shi ya riga mu isa.

Kitikar nan, wato motar, tsohuwa ce tun ranar da ta shigo Wurno. Wani Bature mai kula da noman shinkafa ne ya sayar wa babanku ita da zai koma gida, bayan ya gama cin ƙuruciyarta. Kuskurena na farko da ita a kanti na yi shi, a Sakkwato. Babanku ya ce, "Ke da ad da Turanci, zaɓo muna mai." Na tsaya gaban gwangwanaye ina karantawa a hankali don mai kanti ya ga ina karantawa. Na zaɓi mafi tsada, mai rubutu da ruwan zinariya, wanda aka ce an yi shi don motoci na zamani. Ban tsaya na tambayi kaina ko tamu ta zamani ce ba. Man ya fito tsararo kamar man shanun da ya kwana a rana. Kafin wata ya mutu motar ta fara fitar da hayaƙi shuɗi, allurar mai da ke gaban direba tana faɗuwa da zarar rana ta take, yaran Wurno suka sa mata suna Mai Turare. In mun wuce kasuwa sai ka ji suna cewa, "Ga amarya nan tahe, ku ba ta hanya."

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne tsohon inji ya saki. Ƙarfe ya ci ƙarfe shekara da shekaru, tsakaninsu ya buɗe, mai tsararo kuwa sai ya zurare ta nan ya ƙone, balle a zafin ƙasarmu da ke narkar da komai. Tsohuwar mota mai kauri take so. Ka dubi lambar da ke jikin gwangwani, sauran rubutun duk kirari ne. Gwargwadon girman lambar gwargwadon kaurin man. Ita wannan arba'in take sha, in ka rasa ka ba ta talatin da damina, amma da bazara kada ka sauka daga arba'in. Ka sayi gwangwani rufaffe wanda kai za ka huda da hannunka. Na kwalba da ake sayarwa a bakin kasuwa ba ka san tarihinsa ba, wani an tsinka shi da kananzir, wani kuma ya riga ya yi aiki a cikin wata motar ya yi ritaya. Man gyaɗa kuma na tuya ne, komai wanda ya rantse maka cewa ya taɓa kai shi gida.

Kuskure na biyu na babanku ne, amma ina da kaso. Ka san shi da ƙin ɓarna, mutumin da ke tsince ƙwayar gero a bakin turmi. Zubar da galan guda na mai a wurinsa almubazzaranci ne da za a tambaye shi ranar gobe. Don haka ba ya juye, ƙari kawai yake yi. In man ya yi baƙi ƙwarai sai ya tsiyaye shi a kwano, ya tace da wani tsohon rawaninsa, ya mayar. Na karanta ɗan littafin da ya zo da motar, na san tacewa ba ta mayar da mataccen mai sabo, kamar yadda ba a tace ruwan wanki a ce ya koma na sha. Ka san abin da na ce masa? Na ce, "Malam, mai wanga ya ratsa rawani sau ukku, ya kamata a ba shi limanci." Ya yi dariya har da hawaye. Ya maimaita wa abokansa a zaure, suka ce matar Malam akwai baki. Aka mayar da man.

Haka na saba. Matar da ta yi boko a garin nan, in ta ce wa mijinta yi kaza, kafin la'asar an ce takarda ta hau mata kai. Sai na samo hanyar da zan riƙa faɗin gaskiya ba a kama ni da laifin koyar da miji ba, na riƙa naɗe ta cikin ba'a. Dabarar ta yi aiki sosai. Ba wanda ya taɓa kama ni, ba kuma wanda ya taɓa jin maganar.

A ƙarshen wata damina muka je biki Goronyo. Da za mu dawo, wajen Kagara, muka iske mashigin da muka bi da ƙura a ƙafa ya kawo ruwa. Babanku ya ce ta wuce wanda ya fi wannan. Ta wuce kuwa, ruwa har cikin ƙafafunmu, samari suna turi suna ihu. Da safe ya zaro sandar awon mai ina tsaye da buta a hannu. Man ya koma fari-fari, launin kunun gyaɗa. Na gani, na kuma san ma'anarsa: ruwa ya shiga, kuma mai da ruwa in sun haɗu ba sa hana ƙarfe cin ƙarfe. Kalma huɗu suka isa: Malam, zubar da shi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Motarka ta kama azumi, ga kunun buɗa baki ta dama." Ya yi dariya ya ce, "Zahin inji shina ƙone ruwan, bari ki gani." Ya ƙara mai a kai ya tafi rangadi. Bayan kwanaki launin ya koma baƙi, ya nuna mini sandar yana murmushi, ni ma na yi murmushi.

Motar ta yi ta aiki duk kaka da rani, har bazara ta shigo da sanƙarau. Kai kana da shekarun fara zubar da haƙori. Wani mai keke ya iso daga Rabah da azahar, bai ko sauka ba ya ce wa babanku, "Goggo ta ce ku taho da mota, yaro wuyanai ya ƙage, ba shi gane mutane." Ba wanda ya ce in zo. Uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari, sai ta zauna ta ci gaba da abin da take yi a ce mata ta yi kunya. Na ɗauki mayafina na shiga gaban motar. Matan gida suka bi ni da kallo, wata ta ce, "Ikon Allah, boko." Shi ne karo ɗaya da na karya al'adar nan, kuma ba ka gani ba.

Niyyarmu mu ɗauke ka mu wuce asibitin Sakkwato kafin rana ta faɗi. Mun ci fiye da rabin hanya sai na ga allurar mai ta kwanta. Sai ƙara ta fara daga ƙasa, kamar ana daka a gida mai nisa, sannan kamar a gidan maƙwabta, sannan kamar a cikin kanmu. Babanku ya ce, "Mi aw wannan kuma?" Bai rufe baki ba ta tsaya cik. Ya juye mata sauran man da ke gwangwani, ya sa hannu ya juya ta da ƙarfen tayarwa har tafinsa ya fashe. Injin ya ƙage, ko motsi. Babu inuwa a wurin sai ƙaya. Wasu masu jakai da suka sauke albasa suka ɗauke mu, muka isa Rabah ba lokacin da muka so ba, sannan aka shiga jiran babbar motar da za ta bi ta Sakkwato, ita kuma ba kullum take zuwa ba.

Ka rayu, alhamdu lillahi. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama ya bar maka ɗan kaɗan. Na tambayi likita da Turancina mai kyau ko da mun zo da wuri da kunnen ya tsira. Ya ce ba wanda zai iya sani. Don haka ba zan ce maka mai ne ya ci kunnenka ba, ban sani ba, kuma abin da Allah Ya rubuta ba ya kuskure. Abin da na sani shi ne na ga kunu a jikin sanda na yi wasa.

Akwai abin da nake zaton kana tunawa. Da muka shiga gidan Goggo, ɗakin cike da mata, kana kwance a tabarma an karkata ka. Na tsaya a bakin ƙofa. Ka buɗe ido ka dube ni, na kau da kai, saboda idon mutane. Ƙafafuna sun kumbura da ƙaya, amma zane ya rufe su. Abin da ka gani ke nan, wata mace a bakin ƙofa tana kallon bango. In shi ka riƙe duk shekarun nan, ban ga laifinka ba.

Da aka jawo motar aka kwance ta, kwanon da ke ƙarƙashin injin cike yake da wani abu kamar laka ta bakin gulbi, ya toshe rariyar da mai ke bi ya hau sama. Babanku ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki rawanin nan ya jefa a murhu. Albashinsa na watanni ya tafi a gyara. Tun daga ranar ba mu sake yin wasa da maganar mai ba, kuma juye ya zama aikinmu mu biyu, shi a ƙasa ni ina miƙa kaya. Agogon ƙirga mil na motar ya mutu tuntuni, sai muka ɗaura abin a kan shekara: in an ɗauke ruwa, in za a shiga bazara, in damina ta kankama, da duk ranar da ta ratsa ruwan da ya kai cibiyar taya. Kai da za ka yi ta yawo a fadama, ka ƙara a kan haka, kada ka rage.

Ga yadda muke yi. Ka tayar da ita ta yi ɗumi, gwargwadon yadda za ka iya ɗora tafinka a kan injin ba ka janye ba, sannan ka kashe. Mai sanyi ba ya fitowa da dattinsa, mai zafi kuma zai saɓule maka hannu. Ta tsaya a wuri mai daidai, ka sa dutse a taya. Notin da ake kwancewa mai ya tsiyaye yana ƙasan inji, can baya, sufanarsa ita ce wadda na ɗaura wa jan zare. Ka sa tsohuwar tasa, ka kwance a hankali, ka bar shi ya tsiyaye har ɗigon ya yanke, kada ka tsaya kansa kana ƙirga lokaci. Akwai ɗan zoben tagulla a wuyan notin, shi ne mai son faɗawa cikin tasa ya ɓuya. Ka lalubo shi, in babu shi za ta yi ta ɗiga. Ka ɗaure notin da ƙarfin hannu ɗaya, ba da ƙarfin fushi ba. Ka canza matatar da ke cikin gwangwanin gefen inji, akwai sabuwa a ƙarƙashin kujera. Ka zuba sabon mai da mazurari mai tsabta, kaɗan kaɗan, kana duba sanda har ya kai zanen sama. Kada ya wuce, yawansa ma cuta ne. Ka tayar, ka durƙusa ka duba ƙasa ko akwai ɗigo, ka kashe, ka jira ya kwanta, ka sake aunawa.

Yanzu ga abin da ya sa ban bar wa Nana saƙon nan ba. Duk direban da ka sani da kunne yake tuƙi. Inji yana kuka kafin ya mutu, kuma kowa yana ji ya tsaya. Kai ba za ka ji ba. Dakan nan da na ce maka, zai yi ta yi a ƙarƙashinka kana tafiya kana tunanin aikinka. Don haka abin da wasu ke yi in sun ga dama, kai dole ne. Kowace safiya kafin ka tayar, ka zaro sanda, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ka duba inda man ya tsaya. Ka murza shi tsakanin yatsu biyu, in ka ji kamar yashi ko ya rasa santsi, ya mutu. Ka sunsuna, in warin fetur ko ƙauri ya fito, akwai magana. Baƙi ba laifi ba ne, aikinsa ke nan. Fari shi ne abin tsoro. A kan hanya idonka ya riƙa komawa kan allurar mai kamar yadda mai talla ke duba bakin zanenta. In ta faɗi, ka kashe nan take, ko a tsakiyar kasuwa ne, ko Hakimi ne a bayanka. Ka riƙa ɗora tafinka a kan sandar giya tana aiki, ka san rawarta ta lafiya, don ka gane ranar da ta canza. In ka ɗauki wani a mota, ka ce masa tun farko, in ka ji baƙuwar ƙara ka taɓa ni. Na san ba ka son roƙon mutane a kan kunnenka. Ka roƙa.

Tsohon man kuma, za ka ga masu so kafin ka wanke hannu. Mai son shafa wa azara saboda gara, ba shi. Mai son shafa wa gyambon jaki ko ƙazwar yaro, ka hana, ko zai ce maka marowaci. Kada ka zubar kusa da rijiya ko inda ake shuka. In wani dattijo ya ce maka a tace a mayar, ka gaishe shi da ladabi, ka zubar.

Wata rana za ka yi aure. In matarka ta yi maka wasa a kan wani abu, ka yi dariyar, sannan ka tambaye ta abin da ta gani. Kai ma in ka ga abu, ka faɗe shi tsirara, ko za a ce ba ka da daɗin zama. In kuma Allah Ya ba ku ɗan fari, ban ce ku bar kunya ba, ba ni da bakin faɗin haka, ni da na riƙe ta fiye da waɗanda ba su taɓa ganin allo ba. Amma ka riƙa fitar da mutane daga ɗaki wani lokaci, ka bar ta da shi.

A cikin motar nake rubuta wannan, a kujerar da na zauna ranar nan, la'asar ta yi sanyi. Har yanzu tana ƙanshin babanku. Gwangwani biyu na arba'in suna nan a ƙasan kujera, shi ya sayo su kafin ya kwanta, ba a huda ba. Ga mazurari, ga sufana, ga tasa. Takardar zan soke ta a sitiyari inda ba za ka iya tuƙi ba sai ka cire ta. Ban rubuta suna a bayanta ba. Na gwada, alƙalamin ya tsaya, ka ga iyakar ilimin ke nan.

Gobe ba za ka same ni a gida ba, zan fita makaranta da wuri, don uwa ba ta rakiyar ɗan fari kuma ba na son a ga fuskata. Hanyarka ta bayan ajinmu take. In ka yi juyen, ka danna ham sau ɗaya daidai tagar. In ba ka yi ba, ka wuce shiru, zan gane. Kai ba za ka ji shi ba, na sani. Ni zan ji.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare ka a tudu da fadama, Ya sa ƙarfen nan ya yi maka biyayya, Ya maido ka ka iske mu. Nana tana kirana, an ce awaki sun shiga rumbu. Bari in sauka in rufe ƙofar motar, sai an ɗaga ta kaɗan take kamawa, wannan ma ka riƙe. Zan ja ƙyauren rumfar in tafi.

Ni ce,
Malama.